RA'AYINMU: GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI

'Yan'uwa ɗalibai, sa'ad da muke shirin fitar da mujallar bana mun yi niyyar ƙawata ta da hotunan shugabannin ƙungiyar nan na shekarun baya. Da muka bincika ofis sai muka tarar da tsofaffin hotuna na takarda, waɗanda aka ɗauka tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu, suna nan cikin akwati, sun ɗan koɗe amma ana gane fuskoki. Na 'yan shekarun nan kuwa, ko sama ko ƙasa. An zuba su ne a wani shafin zumunta, wanda ya buɗe shafin ya gama karatu ya tafi da kalmar sirrin, wayar da aka ɗauke su da ita kuma tuni aka sayar da ita a kasuwar Farm Centre ta Tarauni.

Wannan shi ya sa muka ga ya wajaba mu tambayi kanmu: shin ƙungiya ta tanadi ma'ajiyar hotuna tata, ko kuwa ta ci gaba da dogara ga kamfanonin intanet?

Ba mu musun amfanin kamfanonin nan. Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ya san halin wutar lantarki, alhali kuwa kwamfutar ajiya tana bukatar wuta dare da rana, da mai kula da ita, da kuɗin gyara. Kamfani ya ɗauke mana duk wannan ɗawainiya, har ila yau yana isar da hoto ga ɗan'uwa ko yana Maraɗi ko yana Ingila cikin ƙiftawar ido.

To, amma zanen aro ba ya rufe katara. A 2017 kamfanin Photobucket ya wayi gari ya ce duk mai son hotunansa su ci gaba da bayyana a wasu shafuka sai ya riƙa biyan dala 399 a shekara, nan take ɗimbin hotuna suka ɓace daga inda aka liƙa su. A 2019 Flickr ya taƙaita ajiyar kyauta zuwa hoto 1,000, a shekarar ce kuma TinyPic ya rufe ƙofa ɗungurungum. A watan Yuni na 2021 Google Photos ya daina ba da ajiya marar iyaka kyauta. Cikin watan nan dai Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba ta sake shi ba sai Janairun 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka nemi shawararmu a kansa, domin mai ɗaki shi ke da ikon makullinsa.

Ra'ayinmu shi ne a bambanta rumfa da rumbu. Manomi yakan kai hatsi Dawanau domin masu saye su gani, amma iri da abincin shekara a gida yake barinsu. Shafin kamfani rumfa ne, a baje kolin hotuna a can ba laifi. Ainihin hoton kuwa, da cikakken girmansa, lalle ya zauna a hannunmu.

Saboda haka muna kira ga majalisar ƙungiya da ta zartar da abubuwa 3. Na farko, a sayi faifan ajiya guda 2, ɗaya a ofis, ɗaya a ba laburare amana, a riƙa sabunta su kowane zangon karatu. Na biyu, kalmar sirri ta zama dukiyar ofis, a miƙa ta a rubuce ranar miƙa mulki, kamar yadda ake miƙa littafin kuɗi. Na uku, kowane hoto a rubuta masa rana da wuri da dalilin taron, sa'an nan a wanke zaɓaɓɓu a takarda kowace shekara.

Masu ziyartar Gidan Makama suna kallon hotunan Kano ta dā ne saboda wasu sun ɗauki nauyin adana su. Ƙannenmu da za su gaji kujerun nan su ma za su nemi namu, kuma ba kamfani za su tuhuma ba, mu za su tuhuma. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya sa mu dace, amin.