Mambila: A Gyara Hanya Kafin A Gina Otal

An daɗe ana maganar mayar da Tsaunin Mambila wurin yawon buɗe ido, kuma duk lokacin da zancen ya taso sai hankali ya koma kan katafaren otal da gine-ginen ƙawa. A ganina an fara daga inda bai kamata ba. Abin kallo dai Allah ya riga ya ajiye shi a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Tsaunin ya kai kusan mita 1,600 sama da teku, ga sanyi ko a tsakiyar bazara, ga tuddai shar da ciyawa, shanu na kiwo cikin hazo. A Kakara akwai gonakin shayin da ake sarrafawa da sunan Highland Tea. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai dajin Ngel Nyaki, inda masu bincike daga ƙasashen waje suka shafe shekaru suna nazarin itatuwa da birai. A gefe kuma ga gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, mai ɗauke da Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan da mita 2,419. Abin da ya rage shi ne yadda baƙo zai isa wurin lafiya.

Wanda ya tashi daga Jalingo sai ya bi ta Bali da Serti ya isa Mayo Selbe, sannan ya fara hawa mai kwana-kwana zuwa Maisamari da Nguroje kafin Gembu. Tafiya ce mai cin yini, da damina kuma zaizayar ƙasa kan ƙara mata wahala. Magidancin da ke Kano ko Kaduna ba zai ɗebo iyalinsa ya bi irin wannan hanya don hutun kwana uku ba, komai kyan ɗakin da ke jiransa. Misalin Tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba ya isa darasi. A shekarar 2005 gwamnatin Donald Duke ta ƙaddamar da keken da ke ɗaukar mutane a kan igiyar ƙarfe zuwa ƙololuwar tsaunin, aka kuma fara gasar tseren hawan dutse. Da gwamnatoci suka sauya, kulawa ta ragu, baƙi suka ja baya. Aikin da ya dogara da sha'awar gwamna guda yakan bi shi idan ya sauka, amma hanya mai kyau tana nan tana amfanar kowa.

Wasu za su ce yawon shaƙatawa harkar masu ƙoshi ce, bai dace a kashe masa kuɗi ana fama da tsadar rayuwa ba. Wannan suka ta fi dacewa da otal, domin hanyar da za ta kai baƙo Gembu ita ce za ta sauko da shayi da dankalin Turawa da ayaba da shanu zuwa kasuwa cikin sauƙi, ita ce kuma za ta kai mai naƙuda asibiti. Ko da ba baƙo ɗaya da ya zo, kuɗin bai tafi a banza ba. Idan kuwa sun zo, ɗan acaba da mai sayar da zuma da mai fura da nono su za su fara gani a aljihunsu.

Wasu kuma za su kawo batun tsaro, su tuna rikicin 2017 da ya ci rayuka a kan tsaunin. Damuwarsu gaskiya ce, kuma tana ƙarfafa hujjata. Tushen rikicin rigimar filaye ce tsakanin manoma da makiyaya. Idan gwamnati ta zo ta yanki manyan filaye ta miƙa wa 'yan kasuwa daga nesa da sunan zuba jari, ƙara wa wutar itace za ta yi. Mafita ita ce Mambilawa da Fulani da Kaka da sauran mazauna wurin su mallaki ƙananan masaukai, matasansu su zama 'yan rakiya, kowane ɓangare ya san cewa tashin hankali asararsa ce.

Mutanen wannan yanki sun zaɓi zama a Najeriya ne a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma sun gaji da jiran tashar lantarki mai megawat 3,050 da aka yi shekaru da dama ana yi musu alkawari. Bai kamata a ƙara musu wani alkawarin mai ƙyalli ba. Gwamnatin tarayya da ta Taraba su gyara hanyar Bali zuwa Gembu, su warware rigimar filaye cikin adalci, su kare Ngel Nyaki daga gobara da sara. Masu kuɗi da kansu za su gina otal ranar da suka ga motocin baƙi suna hawa.