Idon Kaka ya dushe, bakinta bai gaji ba

Kakata tana wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. Yanar ido ta hana ta karatu, ciwon gwiwa ya hana ta zuwa sujada damina biyu ke nan. Littafi Mai Tsarki nata, wanda bangonsa ya yage har aka ɗaure shi da ƙyallen atamfa, yana ƙarƙashin matashinta. Amma da asuba za ka ji tana jero sunayen jikokinta gaban Ubangiji, har da ni da na jima ban leƙa ta ba.

A ganina ikilisiyoyinmu sun cika auna bangaskiya da ƙafa: wanda ya daina zuwa, sai a ce ya yi sanyi. Kuskure ne. A Littafi Mai Tsarki, Kalibu yana da shekara 85 ya nemi a ba shi Hebron. Hannatu kuwa ta tsufa tukuf tana azumi da addu'a a Haikali. Iyayenmu, kada ku ɗauka kun zama kaya.

Abin da ya rage, 'yan Zumuntar Mata da matasa su riƙa kai wa tsofaffi sujadar har ɗaki. Ranar Lahadi dai na je na karanta wa Kaka Zabura 71, na yi tuntuɓe a aya ta 9, ta gyara mini.