Yaronki na neman Pico? Ga abin da ke cikinsa

Wata 'yar'uwa ta rubuto a ƙasan shafin nan cewa ɗanta mai shekara sha huɗu ya matsa mata lamba sai ta saya masa wani abu wai shi Pico, ita kuma tana tsoron kada ya zama sabon wasan da zai raba shi da littafi. Kafin ki ce a'a, bari mu leƙa cikinsa.

Raspberry Pi Pico ɗan allo ne da bai wuce tsawon yatsa ba. An fitar da shi a Ingila a watan Janairun 2021 a kan dala 4, kodayake kafin ya iso hannunki kuɗin sufuri zai ɗora nasa. A tsakiyarsa akwai 'yar ƙaramar kwamfuta, dangin waɗanda ke cikin injin wanki da rimot da mitar wuta ta kati. Wurin da take riƙe bayanai tana cikin aiki kilobait 264 ne kacal. Hoton suna guda ɗaya da kika ɗauka da wayarki ya fi ƙarfinsa. Amma tana da ƙwaƙwalwa biyu da ke aiki a lokaci ɗaya, kuma a nan karatun yake.

Kin san girkin biki. Mata biyu na kula da tukunyar miya ɗaya. Wannan ta ɗanɗana ta ji ba gishiri, ta tafi ɗebowa. Kafin ta dawo waccan ma ta ɗanɗana, ta zuba nata. Ta farko ta dawo ta zuba. Babu wadda ta yi ganganci, amma miya ta lalace. Haka yake faruwa idan ƙwaƙwalwa biyu suka sa hannu a wuri ɗaya a ma'adanar bayanai, kuma irin wannan kuskure yana da wuyar kamawa, don yau ya faru, gobe ya ƙi faruwa.

Maganin da masana suka daɗe da shi shi ne a raba tukwane. Kowace ta riƙe tata, abin da ya haɗa su kuwa sai a aika yaro da saƙo. A cikin Pico an gina hanyoyin aike biyu, ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa, kowace na ɗaukar gajerun saƙonni takwas a jere. Wanda ya fara shiga shi ke fara fita, kamar layin famfo. Idan layin ya cika, mai aike ta dakata. Da wannan yaro zai iya sa ƙwaƙwalwa ɗaya ta riƙa auna ruwan tanki, ɗayar tana jiran saƙo kawai, da ta ji "ya cika" sai ta yi ƙara.

Aike ma yana da nasa tarkon. Idan kowace ta ce ba za ta motsa ba sai ta ji daga 'yar'uwarta, an yi cirko-cirko ke nan, na'ura ta tsaya cak alhali babu abin da ya ƙone. Yaron da ya yini yana neman wa ke jiran wa, wallahi ya yi darasin tunani da ba kowane aji ke bayarwa ba.

Kada ki raina abin don ƙanƙantarsa. Manyan kwamfutocin da ke hasashen yanayi suna raba aiki tsakanin dubban ƙwaƙwalwa ta hanyar aike, bisa wani tsari mai suna MPI da aka fitar a 1994. An ɗinka shi ne don manya, shi ya sa mai son sa shi a ƙaramar na'ura sai ya rage masa kaya sosai. Motar zamani kuma tana ɗauke da gomman irin waɗannan 'yan kwamfutoci, suna magana ta tagwayen waya bisa tsarin CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986. Can kowane saƙo yana da lamba, kuma idan biyu suka taso tare, mai ƙaramar lamba ke fara wucewa.

A ganina, in da hali, ki saya. Sai dai ki sani allon kaɗai bai isa ba. Yana buƙatar igiyar caji da kwamfutar da zai rubuta umarni a kai, ko ta aro ce. Wutar da yake ci irin ta cajar waya ce, ba ta da haɗari ga hannu. Sharaɗi ɗaya za ki kafa masa tun ranar farko: ba ruwansa da wutar soket ko wayar injin jan ruwa, sai da babban da ya san aikin lantarki a tsaye a kansa.