Sharhi: Yadda Ubisoft ya ware wasanninsa uku mafi tsoka domin samun jarin Tencent

A ranar 27 ga Maris, 2025, kamfanin Ubisoft na Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu fitar da wasannin bidiyo a duniya, ya sanar da cewa zai ware wasanninsa uku da suka fi kawo masa kuɗi, wato Assassin's Creed da Far Cry da Rainbow Six, ya mayar da su ƙarƙashin wani sabon reshe. Katafaren kamfanin fasaha na ƙasar Sin, Tencent, shi ne zai zuba Yuro biliyan 1.16 a reshen, ya karɓi kusan kashi 25 cikin 100 na hannun jarinsa. An raɗa wa reshen suna Vantage Studios a watan Oktoba, aka kammala cinikin a watan Nuwamba na shekarar.

Abin lura a cinikin shi ne farashin da aka yanka. An ƙiyasta darajar sabon reshen a kan kimanin Yuro biliyan 4, alhali a wannan lokaci darajar ɗaukacin hannun jarin Ubisoft a kasuwar Paris ba ta kai Yuro biliyan 2 ba. Ko da an haɗa da bashin da ake bin kamfanin, jimillar ba ta kama ƙafar biliyan 4 ba. Wato ɗa ya fi uwarsa tsada. Mai zuba jari ya yarda ya biya kuɗi mai tsoka saboda sunaye uku da 'yan wasa suka sani, amma kasuwa ba ta yarda ta biya kwatankwacin haka saboda sauran kamfanin da yadda ake tafiyar da shi ba.

'Yan'uwa biyar daga iyalin Guillemot ne suka kafa Ubisoft a 1986, kuma ɗaya daga cikinsu, Yves Guillemot, shi ne ke riƙe da ragamarsa har yau. A 2018 farashin hannun jarinsa guda ya haura Yuro 100. Zuwa watan Satumba na 2024 ya dawo kusan Yuro 10. Tsakanin waɗannan shekaru kamfanin ya yi ta narka kuɗi a manyan ayyukan da ba su mayar da uwar kuɗi yadda aka zata ba. Wasan Skull and Bones ya shafe kimanin shekara goma ana aikinsa kafin ya fito a Fabrairun 2024, bai kuma yi tasiri ba. Star Wars Outlaws da ya fito a Agustan shekarar bai yi cinikin da aka sa rai ba. An ɗage fitowar Assassin's Creed Shadows har sau biyu, daga Nuwamban 2024 zuwa Fabrairu, daga nan zuwa 20 ga Maris, 2025. A Disamban 2024 aka yanke shawarar rufe wasan XDefiant tare da ofisoshin kamfanin da ke San Francisco da Osaka. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2025, cinikin kamfanin ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, ya kuma yi asarar Yuro miliyan 159.

Tushen matsalar yana cikin yanayin sana'ar kanta. Babban wasan bidiyo na zamani kan ɗauki shekara biyar ko fiye, da ɗaruruwan ma'aikata, wani lokaci dubbai, ana biyansu albashi kowane wata tun kafin a sayar da kwafi ɗaya. Idan wasan ya fito bai karɓu ba, babu filin da za a sayar ko injin da za a yi gwanjonsa a rage asara. Kuɗin ya tafi ke nan. Ga kuma 'yan wasan da suka saba zama a kan wasa ɗaya shekara da shekaru, kamar Fortnite ko Call of Duty, abin da ya ƙuntata kasuwar sababbin wasanni. Kamfanin da ke da ma'aikata sama da 20,000, kamar yadda Ubisoft yake a 2022, ba ya jure faɗuwa biyu ko uku a jere. Adadin ya sauko ƙasa da 18,000 a 2025.

Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya sa aka zaɓi wannan hanya maimakon sayar da kamfanin baki ɗaya, kamar yadda wani ƙaramin mai hannun jari, AJ Investments na Slovakia, ya yi ta matsa lamba a 2024 cewa a fitar da shi daga kasuwar hannun jari a kuma sauya shugabanci? Amsar tana cikin tarihin iyalin. Daga 2015 zuwa 2018 kamfanin Vivendi ya yi ta sayen hannun jarin Ubisoft har ya tara sama da kashi 27 cikin 100, bayan ya riga ya ƙwace Gameloft daga hannun iyalin a 2016. Iyalin suka yi tsayin daka har Vivendi ya sayar da kasonsa a Maris 2018, kuma ta wannan ƙofa Tencent ya shigo da kashi 5 cikin 100. A Satumban 2022 Tencent ya ƙara biyan Yuro miliyan 300 ya sayi kashi 49.9 cikin 100 na kamfanin da iyalin ke riƙe hannun jarinsu ta cikinsa, amma da ƙuri'ar da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba. Tsarin a fili yake: a kawo kuɗi, a bar mana linzami. Vantage Studios ci gaban wannan tsari ne, kuma ba a yi mamaki ba da aka naɗa Charlie Guillemot, ɗan Yves, ɗaya daga cikin shugabannin reshen biyu, tare da Christophe Derennes.

Dole a yaba wa masu tsara yarjejeniyar a waje ɗaya. Ubisoft bai sayar da haƙƙin mallakar wasannin uku ba. Lasisi ya bai wa reshen, na duniya baki ɗaya, na dindindin, wanda ba a janyewa, shi kuma reshen zai riƙa biyan uwar kamfanin wani kaso. An ɗaure Tencent da sharaɗin ba zai sayar da kasonsa ba har shekara biyar, shi kuma Ubisoft ya yi alkawarin riƙe rinjaye a reshen na aƙalla shekara biyu. Sai dai lasisin da ba ya ƙarewa kuma ba a janye shi, kusan sayarwa ce da aka sauya wa suna. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: Tencent ya samu ikon hawa kujerar naƙi a kan wasu muhimman shawarwari na reshen.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa kuɗin ya sayi lokaci ne, bai warkar da ciwon ba. A tsakiyar Nuwamban 2025, ana dab da bayyana sakamakon rabin shekara, kamfanin ya ɗage sanarwar ya kuma nemi a dakatar da cinikin hannun jarinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da aka fitar da alƙaluman, sai ta bayyana cewa gyaran da masu binciken kuɗi suka sa aka yi wa lissafin ya jefa kamfanin cikin saɓa sharaɗin wasu basussukansa, kuma da kuɗin Tencent aka shirya biyan su. A Janairun 2026 aka sanar da wani garambawul ɗin: raba ayyukan kamfanin gida biyar, soke wasanni shida, ciki har da sabunta Prince of Persia: The Sands of Time da aka daɗe ana jira, da rufe ofisoshin Halifax a Kanada da Stockholm a Suwidin. Washegari hannun jarin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Waɗanda ke aiki a wajen reshen mai tsoka su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Mai karatu a Najeriya zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Amma duk wanda ya ratsa Suleja ko Madalla da yamma zai ga shagunan wasan bidiyo, matasa sun yi layi a kan benci suna jiran na'urar PlayStation, janareto na ruri a waje saboda rashin tsayayyar wuta. Wasan ƙwallon ƙafa da suke kira FIFA, wanda yanzu sunansa EA Sports FC, na kamfanin Electronic Arts ne na Amurka, kuma a Satumban 2025 aka sanar da cinikin kamfanin a kan Dala biliyan 55 ga gamayyar masu zuba jari da asusun jarin gwamnatin Saudiyya ke ciki, inda kimanin Dala biliyan 20 na kuɗin bashi ne. A wayoyin hannu kuwa, PUBG Mobile na Tencent ne, haka ma Call of Duty: Mobile wani sashe na Tencent ne ya ƙera shi. Duk yaron da ya sayi kayan ado ko makami a cikin waɗannan wasanni, ya aika da nairarsa ga masu irin wannan jari. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, mai shagon wasa yana biyan tsadar mai da tsadar na'ura, riba mafi tsoka kuwa tana tafiya ga wanda ya mallaki sunan wasan. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu yana da dalilin ƙara matsar aljihun 'yan wasa, kuma aljihun Suleja na cikin lissafin.

(Suleja ma ta san darajar suna. Ita ce Abuja ta asali, kafin sabon babban birnin tarayya ya ɗauki sunan, garin ya koma amsa sunan da aka samo daga na Sarki Sulaimanu Barau.)

A ɓangaren masu ƙira, Afirka ta riga ta ga yadda aiki ba tare da mallaka ba yake ƙarewa. Ubisoft ya buɗe ofishi a Casablanca ta Maroko a 1998, ya rufe shi a 2016 da lissafin kasuwa ya sauya, kuma babu wani suna da ya rage a hannun ma'aikatan. A Legas, kamfanin Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012 ya ƙera wasan waya na shirin Iwájú a 2024, aikin da ya ɗaga martabarsa, sai dai da sunan Disney wasan ya fita. Kamfanin da ya fi jan jari a wannan fanni a nahiyar, Carry1st mai hedikwata a Cape Town, ya tara Dala miliyan 27 a farkon 2023, kuma ƙarfinsa yana wajen rarraba wasanni da sauƙaƙa biyan kuɗi. Masu jari na waje suna zuwa ne domin ɗayan abu biyu, ko suna mai farin jini ko hanyar isa ga masu saye.

Misalin da ya fi kama da na Ubisoft a gida yana masana'antar fim. Kamfanin IROKO, wanda ya tara miliyoyin daloli daga masu jari na waje domin nuna finafinan Najeriya ta intanet, ya sayar da sashensa na shirya finafinai, ROK, ga Canal+ na Faransa a 2019. Sashen da ke ƙirƙirar finafinai da tashoshi shi ne mai saye ya nema. Canal+ ɗin nan, wanda ya daɗe a ƙarƙashin Vivendi, shi ne ya karɓe ikon MultiChoice, mai DStv da GOtv, a 2025. A Kannywood kuwa, shekarun da furodusoshi suka yi suna miƙa finafinansu ga 'yan kasuwar kaset da faifai, ga satar fasaha, sun bar da yawa ba su da wata kadara da za su nuna wa banki ko mai jari. Sai da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka kafu aka fara ganin suna ɗaya yana kawo kuɗi zango bayan zango, wanda shi ne ainihin abin da Tencent ya biya kuɗi a kansa a Faransa.

Gwamnatin tarayya ta ɗauki matakai a kan takarda. An sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Oktoban 2022, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta samu sa hannu a Maris 2023, kuma a watan ne aka ƙaddamar da shirin iDICE na sama da Dala miliyan 600 domin harkokin fasahar zamani da ƙirƙira, wanda Bankin Masana'antu ke gudanarwa da tallafin Bankin Raya Afirka da wasu abokan hulɗa. Jawabai a kan waɗannan shirye-shirye sun fi karkata ga horar da matasa da yawan guraben aiki. Horon yana da amfani, amma matashin Minna ko Suleja da ya iya zane da rubuta manhaja zai iya ƙarewa ɗan ƙwadago ga kamfanin waje, kamar takwarorinsa na Casablanca. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne lauyan da zai karanta masa yarjejeniya, da rajistar sunan abin da ya ƙirƙira, da bankin da zai karɓi wannan suna a matsayin jingina. Iyalin Guillemot, duk da kurakuran da suka kai kamfaninsu ga wannan hali, sun zauna teburin ciniki da abin sayarwa a hannu, shi ya sa suka iya gindaya sharuɗɗa.

Ko sharuɗɗan za su ɗore, wannan ya rataya a kan wasannin da Vantage Studios zai fitar nan gaba, da kuma ko sauran gidaje huɗun za su iya ciyar da kansu ba tare da jingina da reshen ba. Idan aka lasafta daga watan da aka kammala cinikin, alkawarin da Ubisoft ya yi na riƙe rinjaye a reshen zai cika wa'adinsa ne a ƙarshen 2027, shekara uku kafin Tencent ya samu damar sayar da nasa kason.