KAI! KAMA DA WANE BA WANE BA NE

Duk wanda ya daɗe yana rubutun littattafan Hausa irina ya san akwai ƙananan kalmomi masu babban aiki, kuma a ganina babu kamar "kai". Dube ta dai mai karatu. Idan na ce "kai ne ka zo?" da mutum nake magana. Idan na ce "kai ke ciwo", sashen jiki nake nufi. "Ta kai masa abinci" isarwa ce. Sannan ga "kai!" ɗin da uwa kan daka wa yaro in ya doshi murhu.

To, abin mamakin shi ne, in ka fita ƙasar Hausa ma ba ka rabu da ita ba. A wajen Girkawa "kai" na nufin "da", wato ta haɗa abu biyu. A harshen Lituwaniya tana nufin "lokacin da", a Finlan kuwa "wataƙila". Bajamushe in ya ce "kai", bakin ruwa yake nufi inda jirgi ke tsayawa a sauke kaya. A tsibirin Hawai teku ce, wajen Mawori na ƙasar Niyu Zilan abinci ne, a Japan takan zama taro, a Sin kuma "buɗe".

Abin da ya sa na kawo wannan jeri shi ne wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Sai ka ga saƙo na yawo a WhatsApp da Facebook, an jero kalmomi biyar ko goma na wani harshe masu kama da namu, daga nan sai a yanke hukunci wai daga can Hausawa suka fito. Abin takaici, wasu daga cikinmu marubuta kan ɗauka su sa a bakin wani malami a cikin labari, ɗalibi ya karanta ya haddace, ƙarya ta zama tarihi.

Ni dai ra'ayina shi ne kama da wane ba wane ba ne. Harsunan duniya sun kai kimanin 7,000, sautukan da bakin ɗan Adam ke iya furtawa kuwa ƙididdigaggu ne. Ashe ke nan dole a yi ta karo a gajerun kalmomi. Da kamar lafazi hujja ce, da "kai" kaɗai ta isa ta mai da mu 'yan uwan Girkawa da Jamusawa da Japanawa gaba ɗaya.

Aro na gaskiya yana da tarihi. "Alƙalami" da "littafi" daga Larabci suka zo ta hanyar karatu, "kasuwa" ta biyo ta hannun Barebari, "mota" kuma Turawa suka kawo ta. Dangantakar jini kuwa a ginin harshe ake gano ta. A shekarar 1963 masanin nan Joseph Greenberg ya fitar da littafinsa kan rabe-raben harsunan Afirka, inda ya sa Hausa cikin harsunan Cadi, waɗanda suke gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. Ga misali: mu mukan ce "gidanka" ga namiji, "gidanki" ga mace, Balarabe kuma ya ce "baituka" da "baituki". Irin wannan tsari shi ne shaida, domin ba a sayo shi a kasuwa.

Saboda haka 'yan uwana marubuta, mu yi hattara da abin da muke ba masu karatunmu. Hausa tana da dangi na gaskiya da za ta yi alfahari da su, ba ta buƙatar mu ƙaga mata na ƙarya. In an turo maka irin wancan jeri, kafin ka tura wa wani, ka tsaya ka ce masa: kai, ina hujja?