Laifin Daddawa

Duk lokacin da aka tayar da zancen malaman jami'a masu neman ɗalibansu mata da lalata, ba a jimawa wani zai gyara zama ya jefo karin maganar nan: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga nan sai zance ya karkata. A bar malamin da ya tura ƙofar ofis ya murza makulli, a koma kan mayafin yarinya, da turaren da ta shafa, da abin da ya kai ta ofishin bayan la'asar. Na ji wannan magana a bakin ɗalibai maza, na ji ta a bakin iyaye, na ji ta har a bakin 'yan'uwana mata. Ban yarda da ita ba, kuma ina da'awar cewa a kanta jami'o'inmu suka gina yadda suke kula da ɗalibai mata, ko da yake babu wadda ta rubuta ta a kundin dokokinta.

Mai neman shaida ya tsaya a bakin ƙofar shiga makaranta. Manyan makarantu da dama suna da dokar sutura, kuma mai gadi ne alƙalinta. Kallo ɗaya ya isa ya mayar da ɗaliba gida ta sake shiri, ko da jarrabawa za ta. Ba a kafa kwamiti, ba a neman shaidu, ba a ɗage zama. Ba ni da faɗa da suturar kamala, da hijabina na yi karatuna. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan zafin nama yake mutuwa da zarar ɗalibar ta zama mai ƙara. A nan za a ce ta rubuta takarda, ta sa sunanta da lambarta, ta miƙa ta hannun shugaban sashe, wanda wataƙila shekara ashirin ke nan suna shan shayi tare da mutumin da take ƙara. Sannan ta jira. Tana cikin jiran nan za ta sake zama a ajinsa, ta kuma rubuta masa jarrabawa.

A nan gizo yake saƙar, kuma masu zancen daddawa ba sa son a tsaya a wurin. A yawancin sassa, malamin da ya koyar da kwas shi ne mai tsara tambayoyi, shi ne mai duba takardun amsa, shi ne mai ba da makin gwaji da na aikin gida, shi ne mai shigar da sakamako. In ɗaliba ta kai ajin ƙarshe, malami guda ake damƙa wa kundin bincikenta, kuma ba za ta fita ba sai da sa hannunsa. Yana iya cewa takardarta ta ɓata. Yana iya ajiye babi na ɗaya wata uku bai buɗe ba. Yana iya ba ta talatin da tara inda ake neman arba'in, ta maimaita kwas, kwas ya ja mata ƙarin shekara, ƙarin shekara ya ja kuɗin rajista da na haya daga aljihun uban da ya sayar da hatsi kafin ya biya na bara. Duk wannan yana iya yin sa ba tare da ya furta kalma ɗaya da za a kama shi da ita ba. To wane irin ɓera ne wannan? Shi ne wanda aka ba makullin rumbu, ake kuma biyansa albashi don ya tsare shi.

Ku dubi abin da ya faru a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a 2018. Wata ɗalibar babban digiri, Monica Osagie, ta naɗi muryar Farfesa Richard Akindele a waya yana neman ta kwana da shi har sau biyar kafin ya ɗaga mata maki. Muryar ta bazu a intanet, jami'a ta kore shi, hukumar ICPC ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo, ya amsa laifi, aka ɗaure shi shekara biyu a watan Disamba na shekarar. Ana ba da labarin nan a matsayin nasara. Ni kuwa farashin nake kallo. Kafin a saurari mace ɗaya, sai da ta zama ɗan sandan kanta, ta haɗa hujja da hannunta, sannan ta bari duk ƙasa ta san sunanta da fuskarta, kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kan tarbiyyarta. A watan Oktoba na 2019 kuma sashen BBC Africa Eye ya saki binciken da Kiki Mordi ta jagoranta a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, da kyamarar ɓoye. Sai bayan duniya ta kalla aka dakatar da malamai, aka rufe wani ɗaki a kulob ɗin ma'aikata na Jami'ar Legas da ake shiga da ɗalibai mata. Ɗakin nan ba a daren jiya aka gina shi ba, kuma a cikin jami'a yake.

Za a ce ai wannan a kudu ne, mu nan da kunya da addini. Da ma haka ne. Waɗanda suka bi abin da mata suka riƙa rubutawa a 2019 ƙarƙashin taken ArewaMeToo sun san ba haka ba ne, sun kuma ga irin zagin da aka saka musu da shi. Kunyar da muke alfahari da ita, mai laifi ne ya fi kowa cin moriyarta. Ɗalibar da ta fito daga Funtuwa ko Azare ta san abin da zai biyo bayan ƙara. Magana za ta riga ta isa gida. Saurayin da ya kai kuɗin gaisuwa zai fara ja da baya. Kawu da tun farko bai so a kai ta jami'a ba zai ce ai ga irinta nan. Mafi muni, ƙannenta ne za su biya, domin uban da ya ji wannan labari ba zai sake sakin wata 'ya ta tafi ba. Saboda haka ta haɗiye, kuma shirunta ya shiga lissafin hukuma a matsayin shaidar cewa babu matsala.

Masu kafa hujja da addini su ma suna tsallake layi. A Suratun Nur, umarnin runtse ido ga maza aka fara yi, a aya ta 30, kafin a zo kan mata a aya ta 31. Babu inda aka rataya kamewar namiji a kan suturar wata. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa da suke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru don karatu ya isa ga matan ƙauye. Wanda ya ce maganin malami maras amana shi ne mace ta zauna a gida, ya san ba wannan gadon yake karewa ba.

Akwai ƙorafi biyu da suka cancanci amsa. Na farko, wai wasu ɗalibai ne da kansu suke kai kansu don neman maki. Akwai su, ban musa ba. Amma malami yana da ikon cewa a'a, kuma babu abin da zai rasa in ya faɗa. Ɗaliba in ta ce a'a, digirinta ne a kan siraɗi. Wanda ya daidaita waɗannan biyu bai yi adalci ba. Na biyu, tsoron ƙazafi. Malamai na gari, kuma su ne suka fi yawa, suna da haƙƙin a kare mutuncinsu. Sai dai abin da zai kare su shi ne kuma zai kare ɗaliba: a raba malami da ikon da babu mai duba shi. Wanda ba shi kaɗai yake riƙe da maki ba, da wuya a yi masa sharrin sayar da maki.

Da wannan ido nake kallon matsayin ƙungiyar ASUU, kuma abin ya ba ni takaici. A zaman jin ra'ayin jama'a na farkon 2020, ƙungiyar ta soki ƙudurin dokar hana cin zarafin ɗalibai ta hanyar lalata, tana cewa an ware malamai da zargi, an kuma taɓa 'yancin cin gashin kan jami'a. Majalisar Dattawa ta zartar da ƙudurin a watan Yuli na shekarar, da tanadin ɗauri har na shekara 14, amma Shugaba Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. Ƙungiyar da ta iya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas a 2022 don neman haƙƙinta ba ta rasa murya ba. Cin gashin kai amana ce da aka ba jami'a don ta hukunta nata da kanta. In ta ƙi, ba ta da bakin hana kotu shigowa.

Sakacin bai tsaya a ofis ba. Jami'a ta ɗauki dubban ɗalibai, ta gina ɗakin kwanan da bai ishi rabinsu ba, sauran su watsu cikin unguwanni suna haya. Daga irin waɗannan gidaje na Sabon Gida 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a watan Satumba na 2023, yawancinsu mata, wasu suka shafe watanni a daji. Makonni kaɗan bayan haka aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu. Babu wanda ya tambayi irin mayafin da suka yafa.

Abin da nake nema ba ya buƙatar jiran Abuja. A riƙa duba takardun jarrabawa da lambar sirri wadda malami bai san mai ita ba. Kowace ɗaliba ta sami damar neman wani malami daga waje ya sake duba takardarta, ba tare da kuɗin da zai kore ta ba. Kundin bincike ya kasance a hannun mutum biyu, kuma a iya sauya mai dubawa ba tare da dogon bayani ba. Ofishin karɓar ƙara ya fita daga ƙarƙashin sashe da tsangaya, a sa mata a cikinsa, da lauya wanda ba ma'aikacin jami'ar ba, a kuma ɗauke makin mai ƙara daga hannun wanda take ƙara tun ranar da ta shigar. Duk shekara jami'a ta bayyana yawan ƙararrakin da ta karɓa da yadda kowace ta ƙare.

Sannan a daina sallamar rufin asiri. Sau da yawa in hujja ta yi wa malami yawa, sai manya su kira shi gefe su ba shi shawarar ajiye aiki da kansa, don sunan makaranta, don iyalinsa. Ya tafi da takarda mai tsabta. Kafin zangon karatu ya zagayo ya sami aiki a wata jami'ar, an ba shi ofis mai ƙofa da makulli, an kuma ba shi 'yan aji ɗaya.