Kwalekwalen da ba ya nutsewa

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai. Mutum fiye da ashirin suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Aka yi ta'aziyya, gwamnatin Kano ta dakatar da fito a wurin, aka yi ta zancen lodi fiye da kima da rashin rigunan ceto. Duk gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ya kamata ta hana mutanen Gwarzo da Kabo barci, tunda su ma suna zaune ne a bakin madatsu irin su Pada da Guzu-Guzu: me ya sa kwalekwalen da ruwa ya cika shi ba ya iya riƙe waɗanda ke ciki?

Lissafin ba shi da wuya. Kowace lita ɗaya ta iskar da aka kulle tana ɗaga nauyin kusan kilo ɗaya a ruwa. Jarka mai lita 25 da aka ɗaure murfinta tamau za ta ɗauki fiye da kilo 20. Mutum kuwa ba shi da nauyi sosai a cikin ruwa, shi ya sa ɗagawar kilo 10 zuwa 15 ke isar rigar ceto ta babba. Ke nan jarka guda za ta tallafi mutum biyu har agaji ya iso. A Amurka, tun 1978 doka ta wajabta wa masu ƙera ƙananan jiragen ruwa masu injin waje su yi su yadda ko sun cika da ruwa za su tsaya a sama, ba tare da sun jirkice ba.

Sai dai ba kowane abu mai tasowa ya dace ba. Soson katifa shan ruwa yake yi, ya koma kaya. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji yana tasowa, amma fetur na narkar da shi. Jarka ta fi sauƙin samu, sai dai rana na cin robarta har ta tsage, don haka dole a riƙa dubawa ana sauyawa.

Ɗauri ya fi zaɓi muhimmanci. Jarkar da aka jefa ciki kawai, ita ce za ta fara tserewa idan ruwa ya shigo. Wajibi ne a ɗaure ta da igiyar roba mai ƙwari a jikin katakon kwalekwalen, a raba daidai hagu da dama, gaba da baya, a ƙara yawa a gefen inji. A kuma ɗaga ta kusa da baki, domin iskar da aka tara a ƙasan jirgi juya shi take yi.

Masu fito za su ce jarkoki na cinye wurin fasinja. To, wurin da suka cinye dama na mutumin da bai kamata a ɗauka ba ne. Wasu za su ce ƙaddara ce, alhali imani da ƙaddara bai taɓa hana manomi shinge gonarsa ba.

Wannan aiki bai buƙaci kwangila ko jiran Abuja ba. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da sarakunan ruwa, suna iya kafa sharaɗi guda: kafin damina, a cika kowane kwalekwalen haya da ruwa a bakin gaɓa, a gaban jama'a. Wanda ya tsaya a sama ya ɗauki mutane. Wanda ya nutse ya zauna a tudu har a gyara shi.